Gidan da Inshora Ta Ƙi Karɓa: Nazarin Wani Lamari a Fulorida

Mai gidan da gidan, 2019

Magidanci ne ɗan asalin Zariya, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a yankin Tampa da ke jihar Fulorida ta Amurka, yana zaune da matarsa da 'ya'yansu uku. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma kamfanonin da ya yi hulɗa da su, kuma an dunƙule alƙaluman kuɗin zuwa mafi kusa.

A farkon 2019 ya sayi gidan bulo marar bene, mai ɗaki uku da gareji, wanda aka gina a 1981. Rufin irin wanda aka fi yi ne a can: fallayen kwalta da aka yayyafa wa ƙananan tsakuwa, a jere a kan katako. An sabunta shi a 2005, shekara guda bayan guguwa huɗu, Charley da Frances da Ivan da Jeanne, sun afka wa jihar a damina ɗaya. Kamar yawancin masu sayen gida a Amurka, wani kamfani ne ya biya kaso mafi tsoka, shi kuma yana biya wata-wata. Ko bashin banki ne ko tsarin haɗin gwiwa irin na Musulunci, sharaɗin ɗaya ne: gidan ba zai kwana ko da rana ɗaya babu inshora ba.

Kafin a kammala ciniki an yi wa gidan dubawar gama-gari, aka ba shi rahoto mai shafuka da yawa. A ciki an ambaci cewa akwatin rarraba wutar lantarki tsoho ne, ya kamata ƙwararre ya duba shi, kuma an ga bututun ruwa mai ruwan toka a bayan tukunyar dumama ruwa. Mai sayarwa ya rage ɗan kuɗi, aka wuce wurin. Kamfanin inshorar da ya samu ba ya neman dubawa ta musamman sai gida ya cika shekara 40, wannan kuwa yana da 38. Kuɗin inshorar shekarar farko kusan dala 1,900 ne. Shekara uku suka wuce bai nemi diyyar komai ba.

Tsakiyar 2022: kamfani ya durƙushe

A 2022 kamfanonin inshorar gidaje shida ne suka karye a Fulorida, sakamakon asarar guguwa, da yawan ƙararraki a kan rufi, da tsadar inshorar da su kansu kamfanonin ke saya don kare kansu. Nasa yana ciki. Idan kotu ta ba da umarnin rushe kamfani, galibi inshorar abokan hulɗarsa na mutuwa ne bayan kwana 30. Dillalin inshorarsa ya samo masa wani kamfani a watan Yuli a kan kusan dala 3,400, ya biya, hankalinsa ya kwanta.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, karɓar da aka yi masa ta wucin gadi ce. Dokar jihar a lokacin ta ba kamfani kwana 90 na farko ya duba gida, in bai gamsu ba ya soke inshorar da sanarwar kwana 20 kacal.

Agusta 2022: wasiƙar farko

A farkon Agusta wani mai duba gida da kamfanin ya turo ya zo da rana tsaka, maigidan yana wurin aiki. Bai shiga ciki ba. Ya zagaya gidan, ya ɗauki hotuna, ya ɗaga kyamara a kan doguwar sanda ya ɗauki rufin, ya tafi cikin ƙasa da rabin sa'a. Bayan mako biyu wasiƙa ta iso da abubuwa uku. Rufin ya shekara 17, tsakuwarsa ta zube a wurare, gefen wasu fallayen ya nannaɗe. Rassan wata babbar bishiya sun sauko a kansa. Sannan ana buƙatar rahoton dubawar abubuwa huɗu daga mai lasisi.

Wannan dubawa ta abubuwa huɗu ita ce ginshiƙin inshorar tsofaffin gidaje a Fulorida. Ba ruwanta da fenti ko tayil ko kyan ɗakin girki. Rufi take dubawa, da wutar lantarki, da bututun ruwa, da na'urar sanyaya da dumama gida, domin daga nan ne gobara da yoyo da ruɓewa ke fitowa, wato daga nan kamfani ke yin asara. Kowane sashe ana rubuta shekarunsa da irinsa da halin da yake ciki, a haɗa da hotuna.

Abin da aka gwada bai yi ba

Da farko ya aika musu da rahoton 2019. Suka mayar da shi: ya tsufa, kuma ba irin takardar da suka nema ba ce. Ya kira su a waya ya yi bayani cewa rufin bai taɓa yoyo ba, ko ɗigo ɗaya. Wadda ta amsa ta ce sashen tantance haɗari ba ya yanke hukunci da bayanin baki.

Daga nan ya koma ga gyaran gani. Ya ɗauko masu wanki suka wanke rufin da injin ruwa mai ƙarfi, suka fesa masa wani mai da aka ce yana dawo da ƙuruciyar kwalta, a kan kusan dala 1,200. Baƙin dattin ya fita, rufin ya yi kyau daga titi. Sai dai ƙarfin ruwan ya ƙara kankare tsakuwar da ke kare kwaltar daga rana, har aka ga ta taru a bakin magudanar rufin. An sare rassan bishiyar a kan dala 900, kuma wannan ne kaɗai aikin watan da ya shiga lissafi daga baya.

Shi kansa ya san akwatin wutar zai jawo magana, don haka ya kira wani mai gyare-gyare da ba shi da lasisin aikin lantarki, ya canza makatsan wuta, wato makunnan da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa, guda uku da suka yi alamar zafi, ya ɗaure wayoyi, ya karɓi dala 400. Ba a nemi izinin gunduma ba, babu jami'in da ya duba aikin, babu takarda.

Matarsa ce ta fara nuna damuwa. Ta ce, "Baban yara, ita takardar da suka ce a kawo fa? Kwanaki na tafiya." Ya ce yana so ya gyara abin da zai gyaru tukuna, don kada a rubuta laifi a takarda ya zauna har abada. Wannan tsoro ne ya sa ya yi ta jinkirta kiran mai duba gidan har wa'adi ya cika. Dillali ya tuntuɓi wasu kamfanoni huɗu, kowanne tambayarsa ta farko ita ce rahoton abubuwa huɗu. Citizens, kamfanin da jihar ta kafa a 2002 don waɗanda suka rasa mai karɓarsu, shi ma yana neman rahoton ga tsofaffin gidaje. A ƙarshen Agusta sanarwar sokewa ta zo, inshorar ta mutu a tsakiyar Satumba.

Satumba 2022: Ian

Mako guda bayan haka guguwar Ian ta doso. A Fulorida da zarar an fitar da gargaɗin guguwa, kamfanoni kan dakatar da karɓar sababbin gidaje har sai ta wuce, don haka ko da takardunsa sun cika a ranar, babu mai saurarensa. Hasashen farko ya nuna Tampa za ta nufa. A ranar 28 ga Satumba ta sauka can kudu, a Cayo Costa kusa da Fort Myers, da ƙarfin mataki na huɗu cikin matakai biyar na ma'aunin guguwa. Gidan ya tsira da faɗuwar 'yan rassa. Hukumar inshorar jihar ta ba da umarnin dakatar da soke inshora na wata biyu daga ranar guguwar, amma umarnin bai amfane shi ba, tasa ta riga ta mutu.

Kamfanin da ya ba shi kuɗin gida ya aiko da wasiƙar gargaɗi, sannan ya saya wa gidan inshorar dole, aka lissafa ta tun daga ranar da waccan ta mutu, aka ɗora kuɗin a kan biyansa na wata. In an lissafa ta a shekara ta haura dala 5,000. Ginin kawai take karewa, don amfanin mai ba da kuɗi. Ba ta biyan kayan ɗaki, ba ta biyan masauki in gida ya lalace, ba ta kuma tsaya masa in wani ya ji rauni a harabarsa ya kai ƙara.

Oktoba 2022: rahoton abubuwa huɗu

Bayan sallar Juma'a ya ba wani dattijo labari, mutumin Damagaram da ya daɗe a jihar yana da gidajen haya. Dattijon ya ce, "Ƙanena, ɓoye ciwo ba ya maganinsa. Ka ɗauko mai duba gida da kuɗinka. Rahoton naka ne, kai zai miƙa wa, ba kamfani ba. Ka gyara abin da ya rubuta, ya dawo ya sake dubawa, sannan ka kai." Wannan ne abin da maigidan bai sani ba tun Agusta: idan shi ya ɗauki mai dubawa, shi ke da ikon rahoton.

Dubawar ta ci dala 125 da kusan sa'a ɗaya da rabi. Mai dubawar ya hau rufi, ya shiga cikin silin, ya buɗe murfin akwatin wuta, ya leƙa ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu.

Akwatin wutar ƙirar Federal Pacific ne, samfurin Stab-Lok, wanda aka sa a miliyoyin gidajen Amurka daga shekarun 1950 zuwa na 1980. Aikin makatsar wuta shi ne ta yanke wuta idan waya ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, kafin ta yi zafi ta kama. Gwaje-gwaje sun nuna makatsan wannan samfuri sukan ƙi yankewa. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta rufe bincikenta a kansu a 1983 ba tare da ta umarci a janye su ba, shi ya sa har yau suna nan a bangon gidaje, amma kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar gidan da ke da su. Canza makatsa uku bai sauya sunan da ke jikin akwatin ba. Mai dubawar ya kuma tarar mai gyaran ya cusa waya biyu a ramin makatsa ɗaya, laifin da babu shi a da.

Bututun mai ruwan toka folibutilin ne, robar da aka yi amfani da ita daga 1978 zuwa 1995. Sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana cin ta daga ciki, ta yi rauni ba tare da an gani daga waje ba, wata rana ta fashe a cikin bango. An yi babbar shari'a a kanta a Amurka, aka sasanta a 1995 a kan kusan dala biliyan ɗaya, amma wa'adin neman wannan diyya ya daɗe da wucewa. Tukunyar dumama ruwan ta 2009 ce, da tsatsa a gindinta. Na'urar sanyaya gida ta 2016 ce, ta wuce lafiya.

A kan rufi ne ya sa rai. A watan Mayun 2022 majalisar jihar ta yi doka cewa kamfani ba zai ƙi gida don shekarun rufi kawai ba in rufin bai kai shekara 15 ba, in kuma ya kai, mai gida na da damar kawo mai dubawa, idan ya tabbatar da sauran shekara biyar ko fiye, shekarun ba za su zama hujjar ƙi ba. Mai dubawar ya rubuta saura shekara biyu zuwa uku. Ya nuna masa wuraren da zaren cikin fallayen ya fito fili, ya ce wankin ya rage wa rufin kwana.

Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023: gyara bi da bi

Kuɗin da ya tara don ci gaba da gini a Zariya ya taɓa, ya ƙara da rance daga wansa. Ya fara da abin da zai iya kashe mutum. Mai lasisin lantarki ya karɓi izinin gunduma, ya cire akwatin gaba ɗaya ya sa sabo a kan kusan dala 2,900, jami'in gunduma ya zo ya duba ya sa hannu. A Disamba mai gyaran famfo ya janye sabon bututun wata irin roba da ake kira PEX ta cikin silin zuwa kowane famfo, aka yanke tsohon aka bar shi a bango babu ruwa, kusan dala 6,500 har da toshe ramukan da aka huda. Sabuwar tukunya dala 1,500. Kowane aiki da takardar izininsa da rasit da hoton kafin da na bayan, duk a jaka ɗaya.

Rufi ya ja lokaci, don masu aikin rufi sun tattara kudu inda Ian ta yi ɓarna. Sai a Fabrairun 2023 aka samu rana, a kan kusan dala 15,000. A nan dillalin ya ba da shawarar da ta fi kowace amfani a harkar: tun da za a yaye rufin, a yi aikin yadda zai dace da dubawa ta biyu, wadda ake kira dubawar jure iska. Dokar jihar ta wajabta wa kamfanoni rage kuɗi ga gidan da aka ƙarfafa, kuma akwai fom guda da kowa ke amfani da shi, yana aiki har shekara biyar. Tushen wannan tsari guguwar Andrew ce ta 1992, wadda ta yaye rufin dubban gidaje a kudancin Miami, ta kai ga dokar gini ta bai-ɗaya da ta fara aiki a Maris 2002. Gidan 1981 ya riga wannan doka.

Abubuwan da fom ɗin ke tambaya ƙanana ne a ido. Wane girman ƙusa aka kafe katakon rufi da shi, kuma tazarar nawa? Aka sake kafe shi da manyan ƙusoshi, tazarar inci shida. Akwai shimfiɗa mai manne wa katako da za ta tare ruwa in fallaye sun tashi? Aka sa. Da me aka ɗaure katakan da ke ɗauke da rufi da bango? A gidan akwai ƙarafan ɗauri tun asali, amma kowanne ƙusa biyu ne a jikinsa, fom ɗin kuwa sai da uku yake lissafa shi. Da rufin ke buɗe, ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka ƙara ta ukun, suka ɗauki hoto. Da an rufe kafin a tuna, da aikin ya ninka wahala.

An yi asara ɗaya a wannan mataki. A lokacin jihar na da shiri mai suna My Safe Florida Home, wanda ke duba gida kyauta ya kuma ba da tallafin da ya kai dala 10,000, dala biyu a kan kowace dala ɗaya da mai gida ya kashe. Sharaɗinsa kada a fara aiki kafin a amince da buƙata. Shi kuwa inshorar dole na cin sa kowane wata, bai iya jira ba, rufin bai samu tallafin ba.

Afrilu 2023: an karɓa

Mai dubawar ya dawo ya cika sababbin rahotanni biyu a kan dala 125. Dillali ya aika da su tare da takardun izini, kamfanoni biyu suka ba da farashi cikin mako guda. Ya ɗauki na kusan dala 3,100. Nasu mai dubawar ya zo a Mayu, bai sami abin rubutawa ba. Aka soke inshorar dole daga ranar da sabuwar ta fara. Jimillar gyaran da ya shiga lissafi ta kai kusan dala 27,000, ban da dala 1,600 na wanki da mai gyare-gyare. Daga baya ya nemi tallafin jihar a kan ƙa'ida, ya sa marufan ƙarfe na tagogi da ƙofar gareji mai jure iska, abin da ya ƙara masa rangwame a sabuntawar 2024.

Oktoba 2024: Milton

Guguwar Helene ta wuce ta gaɓar teku a ranar 26 ga Satumba, ta tura ruwan teku cikin unguwannin bakin ruwa, ba ta kai gare shi ba. A daren 9 ga Oktoba guguwar Milton ta sauka kusa da Siesta Key, kudu da Tampa, da ƙarfin mataki na uku. Ta yaye rufin filin wasa na Tropicana a birnin St. Petersburg da ke kusa da Tampa, inda aka auna ruwan sama fiye da inci 18, kuma gidaje da shaguna sama da miliyan uku suka rasa wuta.

Rufin gidan ya rasa 'yan fallaye a kusurwa ɗaya, ruwa bai shiga ba, saboda shimfiɗar da ke ƙasa. Shingen baya ya faɗi. Gyaran duka bai kai dala 2,500 ba, alhali kason da mai gida ke fara ɗauka a ɓarnar guguwa galibi kashi 2 cikin ɗari ne na darajar da aka yi wa ginin inshora, a nasa dala 6,000 cikin 300,000. Bai shigar da buƙata ba.

Ɓarnar da ta fi ta zo ta ƙasa. Magudanan titi sun cika, ruwa ya kwararo gareji ya kai kusan inci huɗu, ya lalata injin wanki da firiza da ƙasan bango. Inshorar gida a Amurka ba ta biyan ambaliya. Wannan inshora ce daban, mafi yawa ta shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968, kuma sabuwa sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Taswirar gwamnati ba ta sa unguwarsa cikin yankin haɗari ba, mai ba da kuɗi bai tilasta masa ba, bai saya ba. Kusan dala 4,000 ya kashe daga aljihu.

Hukunci

A ganina, a kan wuta da bututu masu dubawar sun yi gaskiya, kuma iyalin ne suka fi kamfanin cin riba. Yara uku sun yi shekara uku suna kwana a gidan da makatsar wutarsa ba ta da tabbas, kuma maganar tana rubuce a rahoton 2019. Lokacin ciniki ne ya fi dacewa a ɗora wannan nauyi a kan mai sayarwa, da dubawar da ba ta kai dala 150 ba.

Abin da aka gwada a Agusta ya faɗi ne don an nufi idon mai wucewa, kamfani kuwa shekaru da samfuri da sa hannun mai lasisi yake karantawa. Wankin rufin ya fi sauran muni, domin mai yiyuwa ne ya ci wani ɓangare na shekarun da dokar 2022 za ta lissafa masa. Jinkirin kiran mai dubawa kuma ya samo asali daga rashin sanin abu guda, wato wa ke da rahoton, kuma dillalin da ya karɓi kamashonsa a Yuli ya kamata ya faɗa masa tun ranar.

Tsarin ma yana da nasa laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Kwana 20 a tsakiyar lokacin guguwa ba ya isa a canza rufi, ko da kuɗin na hannu. Wannan magidanci yana da albashi da ajiya da ɗan'uwan da zai ranta masa. Tsohuwar da ke zaune a irin wannan gida da kuɗin fansho ba ta da dala 27,000, kuma tallafin da aka yi don irinta yana buƙatar jiran da inshorar dole ba ta bari a yi.

Dubawa biyun sun auna wuta da iska da yoyon bututu, don su ne abin da kamfanin zai biya. Babu wanda ya auna tudun garejin da na titi, don ambaliya ba ta cikin abin da ya ɗauka. Ya sayi inshorar ambaliya a Nuwamban 2024, ya kuma ɗora injin wanki da tukunyar ruwa a kan dakalin siminti mai tsayin inci 18.